Rinin da aka yi mini ya fito ruwan goro: ta yaya zan koma wa mai gyaran gashin ba tare da mun ɓata ba?

Maman Sadiƙ, Mabera

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, 'yan'uwa mata. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni tun ranar Lahadi, kuma ina roƙon waɗanda suka san aikin gashi a cikinku su faɗa mini gaskiyar abin da suka sani.

Saura kwana 12 a fara bikin ƙanwar maigidana, saboda haka ranar Asabar na je shagon da na saba zuwa domin a yi mini irin rinin nan da ake ce wa hailait, wanda ake zaɓar gashi sili-sili a haskaka shi, a bar sauran a baƙinsa. Na nuna wa mai shagon hoto a wayata, na ce mata ruwan zuma nake so, sirara, daga tsakiyar gashi zuwa ƙarshensa, yadda idan na ɗaure shi za a riƙa ganin hasken jefi-jefi. Ta ce ta gane. Ta dama garin bilicin, ta shafa, ta nannaɗe da takardar foyil, ta fara daga ƙeya ta taho goshi. Ana cikin haka aka kawo wata amarya da ƙawayenta, sai ta bar ni ta koma kansu, kuma a lissafina na fi awa ɗaya a zaune kafin yarinyar shagon ta zo ta warware ta wanke mini. A lokacin magariba ta gabato, an kuma ɗauke wuta, fitilar caji ce kawai a shagon. Na duba madubi na ga kamar babu laifi, na ce ya yi kyau, na biya naira 22,000, na ɗaura ɗankwalina na tafi.

Washegari da hantsi, ina zaune a tsakar gida zan taje kai, na ɗauki madubi na duba a hasken rana, sai gabana ya faɗi. Gashin gaba ya fito ruwan goro sosai, na ƙeya kuma ya yi ruwan ɗorawa, kamar ba kai ɗaya aka yi wa aikin ba. Maimakon sirara, wasu layukan sun kai faɗin yatsa biyu, sannan kusa da tushen gashi akwai wuraren da maganin ya zubo ya yi dabbare-dabbare. Ƙarshen gashin ya bushe ƙamas, idan na sa mataji sai in ga gutsattsari a kan cinyata.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne matar nan ba baƙuwa ba ce a gare mu. Ƙawar yayata ce tun suna 'yan mata, ita ta yi mini kitson aurena, Anti nake kiranta, kuma ba ta taɓa ɓata mini aiki ba sai wannan karon. Ga shi da bakina na ce mata ya yi kyau. Yanzu ina jin nauyin in koma in ce ban gamsu ba, ina kuma tsoron in je wani shagon ta ji labari a bakin wasu. Wata maƙwabciyata ta ce in sayi baƙin rini a kasuwa in rufe shi a gida in huta. Shin wannan launin yana gyaruwa kafin biki? Idan zan koma wurinta, da wace irin magana zan tunkare ta, kuma sai na sake biya?

Mai Mataji, Gawon Nama

Wa alaikumus salam, Maman Sadiƙ. Sannu da wannan damuwa. Shekarata 14 ina aikin gashi, kuma abu na farko da zan roƙe ki shi ne kada ki taɓa kan nan da wani magani a gida, ko baƙin rini ko wani bilicin, har sai wadda ta san aikin ta duba shi da idonta.

Bari in bayyana miki abin da ya faru, domin idan kin gane shi za ki iya yi mata magana ba tare da kame-kame ba. Bilicin ba ya sa wa gashi launi, cire launin da ke cikinsa yake yi. Baƙin gashi irin namu ba ya tsallakawa daga baƙi zuwa ruwan zuma kai tsaye, hawa-hawa yake bi: daga baƙi ya koma ruwan ƙasa, daga nan ja, sai ruwan goro, sai ruwan ɗorawa, a ƙarshe ya yi fari-fari. Duk inda aka wanke maganin, a nan launin yake tsayawa. Tunda daga ƙeya ta fara, gashin ƙeyarki ya fi daɗewa da maganin, shi ya sa ya haura zuwa ruwan ɗorawa, na goshi kuma ya tsaya a ruwan goro. Ƙa'idar aikin ita ce a riƙa buɗe foyil ana leƙawa a kai a kai, a fara wanke wanda aka fara shafawa. Dabbare-dabbaren da kika gani kusa da tushe kuwa, garin bilicin ne ya kumbura da zafin kai ya tsiyayo daga bakin foyil, ko dai don an cika shi, ko don an kai shi kusa da fata fiye da kima.

Akwai kuma matakin da nake zaton ba a yi miki ba. Bayan an wanke bilicin, ana bin gashin da wani rini mai sauƙi da muke ce wa tona, wanda shi ne yake danne launin da ba a so ya fito da wanda ake so. Mai shuɗi-shuɗi yana kashe ruwan goro, mai shunayya yana kashe ruwan ɗorawa. Ba a yi wa kai irin naki haɗi ɗaya gaba da baya, domin idan aka ɗora mai shuɗi a kan gashin da ya yi ruwan ɗorawa, yana iya komawa kore-kore. Layukan da suka yi faɗi kuma ana tsattsaga su ne da rini mai duhu, a mayar da wasu silin zuwa ruwan makuba, sai hasken ya zama sirara kamar yadda kika nema. Duk wannan aikin yini ɗaya ne, kuma ba ya bukatar a sake sa bilicin.

Abin da ya fi damuna a bayaninki shi ne gutsattsarin da kike gani a cinya. Launi yana gyaruwa, amma gashin da ya ƙone ba ya komawa yadda yake, sai dai a lallaɓa shi a rage baki har sabo ya fito, kuma gashi yana tsiro ne kimanin santimita ɗaya da ɗan wani abu a wata. Ki jiƙa sili biyu ko uku daga wurin da ya fi haske, ki ja su a hankali. Idan suka ɗan miƙe suka dawo, da sauran ƙarfinsu. Idan suka miƙe kamar cingam suka tsinke, to, wurin ya sha wuya, kuma dole a bi shi da taka-tsantsan.

Ki amsa mini tambaya biyu kafin in ƙara wani abu. Yaushe rabonki da rilaksa, wato man nan da ake shafawa don gashi ya miƙe, kuma kin taɓa sa lalle a gashin nan?

Maman Sadiƙ, Mabera

Na gode ƙwarai, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin da kika ce. Na goshi ya dawo daidai, amma na ƙeya ya miƙe ya tsinke a hannuna. Rilaksa kuwa makonni biyar ke nan da na sa, a gida ƙanwata ta shafa mini. Lalle ma na sa wata uku da suka wuce, irin na leda da ake sayarwa a kasuwa, saboda 'yar furfurar da ta fara fito mini a gaban goshi, kuma a gaban kan na fi cika shi. Anti ba ta tambaye ni ko ɗaya daga cikin biyun ba, ni ma ban faɗa mata ba, domin ban san suna da alaƙa da wannan aikin ba.

Mai Mataji, Gawon Nama

To, yanzu magana ta fito fili. Tambayoyin nan biyu wajibi ne a kan duk mai gyaran gashi ta yi su kafin ta buɗe robar bilicin, kuma rashin yinsu kuskurenta ne, domin ita ce ta san aikin. Amma dole ki faɗa mata yanzu, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Rilaksa tana karya ƙarfin gashi ne daga cikinsa domin ya miƙe, bilicin kuma ya zo ya buɗe bayansa ya kwashe launinsa, saboda haka gashin da ya sha biyun ya sha duka ta fuska biyu. Ruwan da ake dama bilicin da shi, wato dibelofa, lamba-lamba ne. Lamba 10 tana da kashi 3 cikin ɗari na sinadarin ferokzayid, lamba 20 kashi 6, lamba 30 kashi 9, lamba 40 kashi 12. Ni a shagona ba na son sa bilicin a gashin da ke da rilaksa, idan kuwa mai kan ta nace, ba na wuce lamba 20, kuma ba na barin wurin. Ki tambaye ta lambar da ta yi amfani da ita.

Lalle kuwa shi ne dalili na biyu da ya sa goshinki ya yi ruwan goro haka. Jan lalle yana kama jikin gashi ya zauna, bilicin yana cire baƙin da ke ƙarƙashinsa ya bar jan a fili, kuma ko an sake shafawa sau biyu ba lallai ya fita ba, sai dai gashin ya ƙara lalacewa. Don haka ki cire rai da ruwan zuma mai haske irin na hoton a wannan karon. Abin da zai yiwu, kuma zai yi kyau, shi ne a sauko da launin zuwa ruwan ƙasa mai ɗan ja, ta hanyar rinin da ba shi da amoniya, wanda ake haɗawa da dibelofa mafi rauni ko ma ba a haɗa shi da komai. Irinsa yana raguwa da wanki, bayan wasu makonni sai an sabunta, amma ba ya ƙara cin gashi.

Kafin a shafa miki a kai gaba ɗaya, a gwada a ɗan gashi kaɗan daga goshi da kuma ƙeya. Wasu lallen leda ana cakuɗa su da sinadaran ƙarfe waɗanda ba sa jituwa da ferokzayid, sannan gashin da ya sha bilicin yana zuƙar rini da sauri ya yi duhu fiye da yadda aka nufa. Ki ba kan kamar mako guda yana shan sitimin, wato turara gashi da tururi, da kuma mai, man kaɗanya ko na kwakwa, ki nisanci diraya mai zafi da kitso mai ɗauri, musamman a wannan hunturu da iska take busar da komai. Rilaksa kuma ki manta da ita na wasu watanni.

Inna Hajiya, Kanwuri

Ɗiyata, ni ban san lambobin magani ba, masu sana'a sun yi miki bayaninsu. Zan yi magana ne a kan nauyin da kike ji, domin na ga shi ne ya fi hana ki barci.

Ki koma wurinta, kuma ki koma da wuri. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Matar da ta yi miki kitson aure, wadda take shiga gidanku tun kina ƙarama, abin da zai fi ɓata mata rai shi ne ta ga kanki a wurin biki an canza masa launi a wani shago, ko ta ji a bakin ƙawayen yayarki cewa ta ɓata miki gashi. Garin nan kowa ya san kowa, kuma mai sana'a da sunanta take cin abinci. Idan kika je da kanki kika nuna mata, kin rufa mata asiri, kin kuma ba ta damar ta wanke hannunta.

Kada ki aika mata da doguwar magana ta waya, kada kuma ki tura yayarki, domin shigar mutum na uku ita take mai da ƙaramin abu babba. Ki kira ta ku gaisa, ki tambayi gida da yara, sannan ki ce kina so ki zo ta duba miki kanki a lokacin da babu mutane a shago. Ki je da safe, kafin 'yan kitso su cika wurin. Ku tsaya kusa da taga ko a cikin gida inda rana take shigowa, ki zame ɗankwali ki bar ta ta gani da idonta kafin ki ce komai. Mai sana'ar kirki, da ta gani za ta gane.

Idan za ki yi magana, ki faɗi abin da ido yake gani. Kada ki ce, "Anti, kin ɓata mini kai." Ki ce, "Anti, ran nan da dare ban gani sosai ba, sai da na duba da rana na ga gaba ya yi ruwan goro, baya ya yi ruwan ɗorawa, ga kuma nan wurin ya zubo. Ga hoton da muka duba tare. Yaya za mu yi kafin biki?" Ki nuna mata wuraren ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ki kuma faɗa mata batun lalle da rilaksa tun farko, kada ki jira sai ta tambaya, domin idan ta ga kin kawo naki ɓangaren, ita ma za ta sami sauƙin karɓar nata.

Cewa da kika yi ya yi kyau ba alkawari ba ne da ya ɗaure ki. Da fitilar caji kika gani, kuma ko tela ana mayar masa da ɗinki bayan an gwada a gida an ga hannu ya matse. Batun kuɗi kuwa, kada ki bar shi a duhu saboda kunya. Kafin ta taɓa kanki ki tambaye ta, "Anti, me zan kawo?" Abin da ya dace shi ne kada ta karɓi ladan aikin gyara. Idan akwai wani magani da za a sayo saboda lallen da ba ta san da shi ba, babu laifi ki ɗauki kuɗinsa. Allah shi daidaita tsakaninku.

Ummu Haidar, Runjin Sambo

Ina girmama maganar Inna, kuma na yarda a fara zuwa wurin Anti, amma ina da ɗan saɓani a wuri guda. Zuwa a nuna mata daban, miƙa mata kai ta sake sa magani kuma daban. Akwai masu gyaran gashi da yawa da hannunsu yake da kyau a kitso da wanki da sitimin, amma haɗa launi ilimi ne mai zaman kansa, ba kowa ta koye shi ba. Macen da ta bar bilicin fiye da awa ɗaya a kan gashi mai rilaksa, ba ta kuma bi shi da tona ba, ya kamata a tabbatar ta san gyaran kafin a sake zama a gabanta.

Na faɗi haka ne saboda abin da ya same ni shekara biyu da suka wuce. Nawa ma ruwan goro ya yi, na koma shagon, mai shagon ta ba ni haƙuri sosai, ta ce za ta gyara nan take, kuma gyaran nata shi ne ta sake dama bilicin ta shafa a kan wanda ya riga ya sha. Na ji kunyar in hana ta. Da aka zo wanki, gashina ya riƙa biyo hannunta, a cikin bahon na ga dunƙulensa yana yawo a ruwa. Sai da na yanke fiye da rabinsa, kuma har yanzu gefen hagu bai kamo na dama ba.

Saboda haka, Maman Sadiƙ, ki tambaye ta dalla-dalla abin da za ta yi. Idan ta ce za ta gwada a sili kaɗan, ta ambaci tona ko rini mai duhu, ta ce a jira kwanaki, to ki zauna. Idan kika ga ta nufi robar bilicin, ki ɗaura ɗankwalinki cikin ladabi, ki ce za ki bar kan ya huta tukuna. Ba rashin kunya ba ne ki ce mata kina so wadda ta ƙware a launi ta duba, har ma ki roƙe ta ta nuna miki wadda ta sani. Haƙƙinki ne kuma ki nemi gyara. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC take aiki da ita, ta ba wanda aka yi wa aiki maras inganci damar ya nemi a gyara masa ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Ba ina nufin ki kai ƙarar ƙawar yayarki ba, ina so ne ki shiga shagon da sanin cewa ba alfarma kika je roƙo ba.

Malama Nana, Arkilla

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma shawarar maƙwabciyarki ce ta sa na ga ya kamata in sa baki. Yawancin rini mai duhu, da abin da ake sayarwa da sunan baƙin lalle, suna ɗauke da wani sinadari da ake kira PPD, wanda jikin wasu mutane ba ya karɓa. Yakan sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa a fatar kai da bayan kunne, wani lokaci fuska da fatar ido su kumbura, kuma sau da yawa ba a ranar yake nunawa ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Wadda baƙin lalle ya taɓa yi wa ƙuraje a hannu ita ce ta fi kowa shiga haɗari. Shi ya sa ake rubutawa a jikin kwalin rini cewa a gwada kaɗan a bayan kunne ko a cikin gwiwar hannu, a jira awa 48. Wannan gwajin ya shafi rinin da za a yi miki a shago ma, saboda haka ki sa shi cikin lissafin kwanakinki. Idan akwai ƙuna ko rauni a fatar kanki daga bilicin, kada a sa komai sai ya warke, idan kuma kika ga kumburi ko numfashi ya yi miki wuya, asibiti za ki nufa nan take.

Akwai kuma ɓangaren addini. A hadisin Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, wanda Muslim ya ruwaito, an yi umarni a canza furfurarsa a kuma nisanci baƙi, kuma a Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa a makarantunmu an ce rina gashi da baƙi makaruhi ne ba tare da haramci ba, babu laifi kuma a yi da lalle. Tunda kin ce kina da furfura, ruwan ƙasa ko ruwan makuba ya fitar da ke daga wannan saɓanin. Ta fuskar aiki ma, baƙin rini yana da wuyar fita, idan kika rufe da shi yau kin rufe wa kanki ƙofar gyara na dogon lokaci.

Maman Sadiƙ, Mabera

Assalamu alaikum. Na dawo in sanar da ku yadda aka yi, domin kun ɗauki damuwata kamar taku.

Na kira Anti kamar yadda Inna ta ce, na je ranar Laraba da ƙarfe tara na safe, ita kaɗai ce a shagon tana shara. Muka gaisa, muka shiga cikin gidansu da ke bayan shagon, na zame ɗankwali a tsakar gida. Ta daɗe tana ɗaga gashin da wutsiyar mataji ba ta ce komai ba, sannan ta yi salati, ta ce ita ma tun ranar hankalinta bai kwanta ba saboda ta san ta bar ni na daɗe, kuma ta so ta kira ni sai nauyi ya hana ta. Da na faɗa mata batun lalle da rilaksa, ta ce da ta sani da ba ta yi aikin ba sam, kuma laifinta ne da ba ta tambaya ba. Na tambaye ta lambar dibelofa, ta ce 30 ce.

Na bi shawarar Ummu Haidar na tambaye ta yadda za ta gyara. Ta faɗa mini gaskiya cewa ba ta da tona a shagon, kuma ba ta saba haɗa shi ba, amma akwai wata da suka koyi aiki tare wadda ta ƙware a launi, za ta kira ta ta zo su yi tare. A ranar ta rage mini bakin gashin ƙeya kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, ta yi mini sitimin, ta ƙi karɓar ko sisi. Ranar Asabar abokiyar aikin tata ta zo da rini iri biyu, ta shafa mini kaɗan a bayan kunne, ta kuma yanki sili kaɗan daga goshi da ƙeya ta gwada a kansu. Na ƙeya ya yi duhu da sauri fiye da yadda ta zata, saboda haka ta ce za ta sassauta haɗin wurin ta kuma rage masa lokaci.

Jiya Litinin aka yi aikin, bayan an tabbatar bayan kunnena bai yi komai ba. Anti ce ta riƙa tsaga gashin, ɗayar tana shafawa, kuma babu wadda ta tashi daga wurin har aka wanke. Wannan karon na fito tsakar gida da madubi kafin in ce komai. Bai zama ruwan zumar da ke hoton ba, ruwan ƙasa ne mai ɗan ja, gaba ya ɗan fi baya ja saboda lallen, amma layukan sun zama sirara, dabbare-dabbaren kuma sun ɓace. Kuɗin rinin na biya, naira 7,500, Anti kuma ta ɗauki nauyin sallamar abokiyar aikinta.

Gashin ƙeyar har yanzu yana ɗan zuba idan na taje, amma ya ragu. Saura kwana huɗu a fara biki. Hajiya Mai Mataji, ina da sauran tambaya ɗaya: Anti ta ce ranar kamu ta yi mini kitso manya guda shida marasa ɗauri maimakon ƙananan da na saba, shin ƙeyar za ta iya ɗaukar hakan, ko in bar shi a tufke kawai a ƙarƙashin ɗaurin?